Ƙulli Uku a Igiyar Baiwa

Ƙashin bayan Baiwa ya fara yi mata gardama ne a shekarar da ta cika hamsin da biyar, kuma in gaskiya za a faɗa ya yi haƙuri da ita. Tun tana amarya a Matameye take sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Wanda ya san ƙuli a baki kawai ba zai gane wahalar da ke cikinsa ba. A duƙe ake suyar gyaɗa, a duƙe ake murje ta, sannan a sheƙe, a ɗora a ka zuwa inji, a dawo a juye a turmi ana tuƙawa ana ɗiga ruwan zafi har mai ya tsattso, daga nan a durƙusa a matse tunkuza da ƙarfin kafaɗa. Ranar kasuwa kuma ta naɗa gammo, ta ɗora jarkar mai da kwanon ƙuli, ta kama hanya wuyanta a miƙe. Shekara talatin da huɗu tana wannan aiki. Baya ya fara kuka, wuya ya taya shi, har ta kai in za ta waiwaya sai ta juyo da jikinta gaba ɗaya.

Ita 'yar garin Tsauni ce. Mahaifinta manomin rake ne, kuma a bakin tulin rakensa mijinta Muntaka ya fara ganinta wata ranar kasuwa. Ya yi ta sayen raken da ba ya sha har uban ya gane ba rake ake so ba. Da aka zo kayan ɗaki, tsohon ya sa wani mai walda a Matameye ya haɗa mata gadon ƙarfe mai faɗin mutum biyu, irin wanda a nan ake kira plas biyu. Gadon ya fi ƙofar ɗakin girma, sai da aka cire ƙyaure kafin ya shiga, kuma daga ranar bai sake fitowa ba. Muntaka bai taɓa gina turaka ba. Abokansa sun yi masa tsiya har sun gaji, shi dai amsarsa ɗaya ce, wai bai ga dalilin da zai sa mutum ya bar gado mai kyau ya koma tabarma don a ce masa namiji ba. Ita take kwana ta jikin bango, shi ta baki, saboda shi yake riga ta tashi zuwa masallaci.

Kamar yawancin mazan unguwarsu, Muntaka ɗan cin rani ne. Da an kai amfanin gona rumbu sai ya ɗaure jakarsa ya tsallaka Najeriya. Ya sayar da shayi a Kano, ya sayar a Kaduna, daga baya ya zarce Abuja. Amma da hadari ya fara haɗuwa ta gabas, Baiwa ba ta buƙatar kowa ya gaya mata, ta san cikin mako guda za ta ji sallamarsa a zaure da buhun tsaraba a kafaɗa. Da tafiyarsa da dawowarsa take lissafin shekara. Da su take tuna haihuwar Abdulrazak, wanda yanzu yake tuƙin mota a Agadas, da ta autarta Nafisa da ke aure a Damagaram.

Shekara huɗu da suka wuce aka yi masa abin da kowa ya kira sa'a. Wani mai gida a Abuja da ke shan shayinsa ya ɗauke shi gadi. Ga albashi, ga ɗan ɗaki a bakin ƙofa, ba ɗaukar tebur, ba gudun masu korar 'yan talla. Abin da ba a lissafa ba shi ne gadi bai san damina ba. Shekarar farko an ba shi wata guda ya zo ya yi shuka. Ta biyu mako biyu. Damina biyu da suka biyo baya kuwa saƙo kawai ya zo, ƙaninsa Ɗahiru ya noma gonar. Gidan ya rage daga Baiwa sai awaki biyu, su ma ba hira suke ba sai in sun ji yunwa.

Suna waya, ba a ce ba sa yi ba. Ta tambaye shi aiki, ya tambaye ta kasuwa, su yi gaisuwar mutanen gari ɗaya bayan ɗaya, su yi sallama. Tambaya ɗaya ce ba ta taɓa fita daga bakinta ba, wato ko zai dawo. Matan tsararta ba a koya musu tsare miji da irin wannan tambaya ba, wannan gaskiya ne. Amma babban dalilin shi ne tsoro take ji. Muddin ba ta tambaya ba, ba a ce mata a'a ba. Kewarsa take yi, irin kewar da mace mai jikoki ba ta da wanda za ta gaya wa ba a yi mata dariya ba.

Ranar da ta kasa ɗaga taɓarya ta tafi gidan likita. Majo, wato babban mai duba marasa lafiya a wurin, yaro ne sa'ar Abdulrazak, mai yawan tambaya. Ya danna mata baya, ya sa ta juya wuya hagu da dama, sannan ya ce, "Inna, a kan me kike kwana?"

"A kan gado mana, ɗan nan. Ka ga na yi kama da mai kwana a ƙasa?"

"Katifar fa, shekararta nawa?"

Ta yi lissafi da yayen Nafisa, ya kama ashirin da biyu. Majo ya ajiye abin rubutunsa ya ce zai ba ta magani, amma magani ba ya gyara makwanci. Ya ce ta juya katifar, ta sa kafinta ya jera mata katako a ƙarƙashi don ta daina lotsawa. Sannan akwai wata 'yar shimfiɗa da ake ɗorawa a kan katifa, sunanta lateks, da ruwan itacen roba ake yin ta, ba soso ba ce. Tana da ƙananan huji kamar rariya, iska na ratsa ta, ba ta riƙe zafi. Kaurinta ya kai yatsa uku zuwa huɗu, kada ta yi laushin da mutum zai nutse, kada kuma ta yi taurin da kafaɗa za ta danne. A Matameye babu, amma manyan shagunan Najeriya ba za a rasa ba. Da ta ce maigidanta yana Abuja, ya karɓi wayar da Nafisa ta bar mata ya yi wa Muntaka bayanin duka a saƙon murya.

Muntaka bai yi wasa da maganar ba, a nan dole a yaba masa. Ranar Lahadi da hantsi ya kira ta daga cikin shagon, tana jin ƙarar fanka da wani yana Turanci a gefe.

"Baiwa, ga ni a wurin. Mai shagon yana tambaya, a rigingine kike kwanciya ko ta gefe?"

Ta mai da wayar ɗaya kunnen. Shekara talatin tana kwana ta gefen dama tana kallon ƙeyarsa.

"Ta dama, maigida."

"Haka na ce masa. Na ce dai bari in tabbatar."

Ba ta san ko ta yarda ba, sai ta bar maganar ta wuce. Ya ce iri uku ne, mai laushi da mai tauri da na tsakani, ya danna su duka da hannu bai ji wani bambanci ba. Ta ce to ya kwanta a kai ya ji. Ya yi dariya ya ce, "Ni da nake kwana a benci, ko buhun gawayi aka shimfiɗa mini cewa zan yi da laushi." Ita ma ta yi dariya, amma maganar bencin ta tsaya mata a rai, don bai taɓa faɗa mata ba. Suka tsaya a kan na tsakani, mai kaurin yatsa uku.

A wurin girma aka samu cikas. Ta ce plas biyu, ya juya ya faɗa wa mai shagon, mai shagon ya ce bai taɓa jin wannan awo ba, su a can da ƙafa suke auna katifa, a faɗa masa ƙafa nawa. Baiwa ta ce ita ba ta san wani awon ƙafa ba in ba na takalmi ba. Nan Muntaka ya tuna yadda suke yi lokacin yara suna ƙanana. Duk gabanin salla takan auna ƙafar kowane yaro da karan dawa, ta karya daidai, ta ba masu tafiya su kai masa, shi kuma ya shiga kasuwa da kara a aljihu yana zura shi cikin takalma.

"Ki yi haka," in ji shi. "Ki auna da igiya ki ƙulla, ki ba Lawali ya kawo mini. Akwai ƙarama ta mutum ɗaya, akwai babba. Ki auno yadda kike so."

Lawali shi ne mai kai saƙon 'yan cin rani. Sau ɗaya a wata yake bi ta Daura da Kano har Abuja, ɗauke da yaji da daddawa da kilishi da gaisuwa, ya dawo da atamfa da takalma da wata gaisuwar. Jibi zai tashi.

Bayan la'asar Baiwa ta ciro igiyar rama daga cikin waɗanda take ɗaure buhun gyaɗa, ta shiga ɗaki. Tsawon bai ba ta wuya ba, ta ja daga kai zuwa ƙafa ta ƙulla. Da ta zo faɗi sai ta zauna a bakin gadon, igiya a cinya. Ki auno yadda kike so, haka ya ce. In ta auna nata gefen kaɗai, ta faɗa masa da hannunta cewa ta daina jira. In ta auna gadon duka, ta sa shi ɗawainiyar babba, kuma ta roƙi abin da bakinta ya ƙi roƙo. Ta jima a zaune har awaki suka fara kiran dusa. Daga ƙarshe ta kama bakin igiyar a jikin bango, ta ja zuwa tsakiyar gado inda nata wurin ya ƙare, ta ƙulla. Ta ci gaba da ja har bakin gado inda nasa ya ƙare, ta sake ƙullawa. Igiya ta tashi da ƙulli uku.

Da Lawali ya zo karɓa ya warware ta ya duba, ya ce, "Inna Baiwa, ai biyu ake yi, tsawo da faɗi. Wannan na ukun fa?"

"Na ƙarshen tsawo ne. Sauran biyun duk faɗi ne. Ka ce masa ya zaɓa."

"In ce ya zaɓi me?"

"Kai dai ka faɗa masa haka. Ungo wannan ƙulin ka ci a hanya."

Mako uku ta yi tana jira. Kafinta ya zo ya jera katako, suka juya katifar ita da shi, ta ji ɗan sauƙi kaɗan. Ta rage yawan gyaɗar da take soyawa. Sau biyu Muntaka ya kira a tsakani, suka yi gaisuwar mutanen gari kamar kullum, shi bai ambaci igiya ba, ita ma ba ta tada zancen ba. Zafin bazara ya kai inda ya kai, mata suna ta cewa bana ruwa zai sauka da wuri.

Wata ranar Talata da rana tsaka Lawali ya yi sallama, da wani abu naɗaɗɗe cikin leda a kafaɗarsa, an ɗaure shi da igiyarta. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Tun kafin a kwance ta auna tsayin naɗin da ido, ya kawo mata har ƙirji. Ƙarama ba za ta kai haka ba. Suka shigar da ita ɗaki, ya yanke ledar, abin ya buɗe da kansa a hankali ya bi gadon tun daga bango har baki, fari tas, da 'yan hujinsa a jere. Ya rage ɗan taƙi a wajen ƙafa, amma faɗin ya zauna daidai.

"Babbar ya saya," ta ce, ba da Lawali take ba.

"Ai kin huta, Inna. Wannan ko matar gwamna sai haka."

Da ya tafi ta zauna a gefen da Muntaka yake kwana, ta danna da tafin hannu ta ga wurin ya dawo daidai. Ta yi murna irin wadda ta manta da ita. Washegari ta ciro sunguminsa da hauyarsa daga bayan rumbu ta kai maƙera aka gyara musu baki. Ta ware irin gero da na wake. Ta wanke babbar rigarsa da ke cikin akwati, ko da yake ba ta yi datti ba. Ta soya ƙuli na daban mai yawan yaji da citta, irin wanda ba ta kaiwa kasuwa don shi kaɗai yake iya ci, ta zuba a kwano ta rufe. Da maƙwabciyarta Hajara ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaya Baiwa, baƙi za a yi ne?" sai ta ce a'a, gyara dai take yi.

Kwana uku bayan haka ya kira, da safe, tana tankaɗe gyaɗa. Ta yi masa godiya, ta ce shimfiɗa ta iso, Allah ya ƙara buɗi.

"Amin. Dama abin da ya sa na kira ke nan," in ji shi. "Na ga ƙullin nan na tsakiya, na gane wajen kwanciyarki ne. Shi na nema, wallahi, sai aka tarar ƙananan sun ƙare a shagon. Na ce ba zan bar Lawali ya dawo hannu sake ba, bayanki na ciwo, shi ne na ɗauki babbar. Amma mai shagon ya ce ba asara ba ce. Wai tunda ke kaɗai ce, ki ninka ta biyu, kaurin ya zama yatsa shida, ta fi ma daɗi."

Baiwa ta ajiye faifan a ƙasa.

"Kina ji na?"

"Ina ji, maigida."

"Sai kuma maganar gona. Na yi wa Alhajin da nake wa gadi magana, ya ce bana ma da wuya, zai yi tafiya, ba wanda zai bar wa gidan. Ki faɗa wa Ɗahiru ya shirya." Sannan ya ce, "Ki yi haƙuri, Baiwa."

"Ba komai. Allah ya tsare."

Ba ta ji haushinsa ba, kuma wannan ya fi komai ciwo, don da haushi ne da ta samu abin riƙewa. Mutumin bai yi mata ƙarya ba, bai yi rowa ba. An ba shi zaɓi ya zaɓa, shagon ne kawai ya ƙi ba shi abin da ya zaɓa. Ta ɗauki faifanta ta ƙarasa tankaɗen, saboda mai inji ba ya jiran kowa.

Ba ta ninka ba. Ta bar shimfiɗar a buɗe yadda ta zo, tana kwana a nata gefen, ɗaya gefen yana nan fari ba ko lotsawa. Hadari ya haɗu ta gabas, ya watse, ya sake haɗuwa. Ranar da ruwan shuka ya sauka ta tsaya a bakin zaure tana kallon 'yan cin rani suna shigowa unguwa da jakunkunansu, wasu a kan babur, wasu a ƙafa, tana amsa gaisuwarsu tana yi musu barka da hanya. Washegari Ɗahiru ya zo ta miƙa masa iri, ta haɗa masa da sungumin da aka gyara. Ƙulin mai yaji ya fara sanyi, ta daka shi ta zuba a yaji.

Bayan an gama shuka, wata rana da azahar ta dawo daga inji bayanta kamar zai rabe. Ta shiga ɗaki ta tsaya a bakin gadon. Sannan ta kama bakin shimfiɗar ta gefen Muntaka, ta ɗago, ta kifa ta a kan nata gefen. Tana sakin hannu abin ya buɗe ya koma inda yake. Ta sake ninkawa ta danna da gwiwa, tana ɗagawa ya sake miƙewa ya rufe gefen mijinta. Roba ce, ba ta san ninki ba. Sau huɗu suna haka, har Baiwa ta ce, "Ke ma kin ji abin da ya ce," ta ji muryarta ita kaɗai a ɗakin.

Igiyar tana rataye a ƙusa bayan ƙyaure, da ƙullinta uku. Ta ɗauko, ta ninka shimfiɗar, ta zagaya igiyar ta wajen ƙafa ta ɗaure tamau, ta danne wajen kai da matashi. Sai a lokacin ta zauna. Gefen baki ya koma tsohuwar katifa, ya yi ƙasa da nata da yatsa shida.

Mai shagon bai yi ƙarya ba. Cikin mako biyu bayan ya lafa, wuyan ya saki, ta fara waiwaya kamar kowa. Ta koma soya gyaɗarta yadda ta saba. Da Nafisa ta kira daga Damagaram ta ce, "Inna, ya jikin? Abin da Baba ya aiko ya yi amfani kuwa?" Baiwa tana zaune a bakin gado tana ninke wanki, tana jera shi a wurin da babu kowa.

"Ya yi," ta ce. "Bayan ya daina ciwo."